Ranar da Na Ajiye Mota a Cikin Bahar Maliya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Inna ganin teku ba, kuma ko na so mantawa mutanen gidana ba za su bar ni ba. Har yau, in na tsaya ina laluben wurin ajiye mota a unguwarmu ta Rusaifa, sai matata ta gyara zama ta ce, "Baban Salma, duba ƙasan da kyau, kada ruwa ya zo." Da can ina tanka mata. Yanzu na gaji, sai in ja burkin hannu in yi shiru.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku gane daga inda na faɗo. Ni direba ne. A Makka aka haife ni, a kan dutsen Nakkasa, kuma tun gemuna bai gama fitowa ba nake jigilar alhazai tsakanin tashar Kudai da Harami da wuraren ziyara. Na tuƙa bas a cunkoson Mina, na hau da mota hanyoyin da jaki ma sai ya tsaya ya yi tunani. In ana hirar tuƙi a tasha, ni ne mai gyara wa mutane zance (hali ne da na gada, ba na alfahari da shi, amma ban rage shi ba sai bayan abin da zan ba ku labari).

Abin da baƙo bai sani ba, gwanintar direban Makka ba a tuƙi take ba, a neman wurin tsayawa take. Garinmu duwatsu ne da mutane, ɗan filin da ya rage kuma an gina otal a kai. Rabin rayuwata a zagaye ta ƙare, ina neman inda zan cusa mota. Saboda haka muna da wata ƙa'ida da kowa ya sani: in ka hango gurbi kusa da inda za ka, sa hancin motarka tukuna, tambaya daga baya. Allon da aka rubuta an hana tsayawa kuwa, a wurinmu alama ce ta cewa akwai inuwa a wajen. Ƙasa kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Dutse ne ko'ina, duk inda ka taka zai ɗauke ka.

Inna mahaifiyata ce. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana. Ga ni da furfura, ga 'yata Salma har ta gama makarantar aikin jinya, amma a bakin Inna ni "yaron nan" ne. Ita ba a Makka aka haife ta ba. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Kano, da ƙafa da jaki da motar kaya, suna yada zango suna aikatau, har suka iso bakin ruwa ta wajen Sudan, wani jirgin katako ya tsallako da su. Tun da ta shigo Makka ba ta sake fita ba, in ba Madina ba. Teku ba shi da nisa da mu, amma har ta tsufa ba ta ƙara sa shi a ido ba.

Da aka rushe ɓangarenmu na Nakkasa muka koma hayar bene a Rusaifa, sai Inna ta fara ƙanƙancewa. A Nakkasa, in ta zauna a bakin ƙofa, duk mai hawa da mai sauka sai ya tsaya ya gaishe ta. A bene kuwa taga ɗaya ce, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Gwiwoyi suka ƙi, zuciya ta fara ba da wahala, ta koma kan keken guragu. Wata rana na dawo aiki a gajiye, na durƙusa ina gaishe ta, sai ta ce, ba ta ko dube ni ba:

"Yaron nan, ina so in sa ƙafata a ruwan da ya kawo ni."

Na ce, "Inna, ai ga Jidda nan. Ranar Juma'a sai mu je da yamma ki sha iska."

"Ba na Jidda ba, mai fitilu da masu sayar da gyaɗa. Inda aka sauke mu babu gini. Itatuwa ne a tsaye cikin ruwa, da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu."

Na ɗauka ruɗin tsufa ne. Wace itaciya ce za ta tsaya a ruwan gishiri? Salma ce ta ɗauko waya ta nuna mini. Ashe akwai su, Larabawa na ce musu shura. Can kudu kuma, bayan an wuce garin Lis, hukuma ta killace wani yanki na bakin Bahar Maliya ta mai da shi gandu, saboda itatuwan da tsuntsaye da kunkurun ruwa masu zuwa yin ƙwai, mutane na tahowa daga nesa don kallo. Ko nan ne ainihin inda aka sauke su Inna, Allah ne masani. Ita dai da ta ga hoton, sai ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Su ne."

Likitanta bai so ba. Da ƙyar ya yarda, ya ce mu tafi da sanyin safiya, kada ta daɗe a rana. Sannan ya ja ni gefe ya ce kada in sa rai za a maimaita irin wannan tafiya. Na gane abin da yake nufi. Tafiya ɗaya ce, in ƙafarta ta taɓa ruwan ta taɓa, in ba ta taɓa ba shi ke nan.

Sai na shirya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na wanke mota tas (farar mota ce babba, da ita nake ɗaukar masu Umra, ita ce gonata ita ce shagona), na sa sabuwar farar jallabiya mai guga. Matata ta dafa shinkafa da kaza, ta cika filas da shayi, aka naɗe darduma. Ni kuma na biya wajen matan da ke sayar da abincin tattabaru na sayo alkama rabin buhu. Mutumin Makka ba ya zuwa wajen tsuntsaye hannu rabbana; tun muna yara muke watsa wa tattabarun Harami tsaba don sadaka.

Salma ta dubi buhun ta ce, "Baba, waɗannan fa ba tattabaru ba ne. Kifi suke ci. Kuma ciyar da su mamnu'u ne, an hana, ga shi a rubuce."

Na ce, "Tsuntsu tsuntsu ne. Ke dai shiga mota."

Ta ci gaba da karanto mini ƙa'idojin wurin da Larabcinta mai gudu: a nan ake ajiye mota, ta kan gadar katako ake bi, keken guragu na iya zuwa har ƙarshe. Ina jinta kamar yadda nake jin rediyo in ina cikin cunkoso.

Muka tashi bayan sallar asuba. Hanyar kudu doguwa ce miƙaƙƙiya, babu abin kallo sai raƙuma da ƙayoyi da tsaunuka can nesa ta hagu. Ni da na saba da burki da kwana, sai ga barci na neman kama ni. A Lis muka tsaya muka karya da gurasa da wake, Inna ta ƙi ci, ta ce cikinta a cike yake. Salma ta tsokane ta, ta ce, "Sitti, ko dai wani saurayi kika bari a bakin ruwan nan, shi ya sa kike ta ɗoki?" (Sitti suke ce wa kaka, 'ya'yan yanzu, Hausar tasu sai a hankali.) Inna ta ce, "In ma na bari, ya fi wanda za ki kawo mana kyau." Daga nan iska ta fara nauyi, jiki ya fara danƙo. Inna na gaba kusa da ni, carbi a hannu amma ba ta ja. Da muka fara jin ƙarnin ruwa, sai ta ce a sauke mata gilashi.

Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau, ko ni da na zo a gajiye na gani. Ruwan kore-kore a kusa, shuɗi a nesa, ga 'yan tsibirai kwance kamar an shanya tabarmi. Itatuwan shura sun yi duhu a gefe guda, da gaske a cikin ruwa suke tsaye. Ga zalɓe, ga kwasakwasa, ga wasu dogayen tsuntsaye masu ruwan hoda jingim, kowanne ya sunkuyar da kai cikin ruwa yana kiwo. Can gefe ƙauyen masunta ne, jiragensu a ɗaure. Shiru kuma irin wanda ban taɓa ji ba, don ni a ƙarar inji na girma.

Sai dai idon direba ba kyau yake fara gani ba. Abin da na gani shi ne, wurin ajiye motoci yana nan, ruwa yana can. Tsakaninsu doguwar gadar katako ce, ta yi kwana ta ratsa cikin itatuwa, babu rumfa, ga rana ta fara ɗagawa. Na tuna maganar likita. Na tuna ƙafar keken Inna mai ƙara. Sannan na waiga dama, sai ga fili. Fili fari fat, shimfiɗaɗɗe, a bushe, tun daga inda nake har bakin ruwa, babu mota ko ɗaya a kansa. Tun da nake ban taɓa ganin wurin ajiye mota mai kyansa ba, wallahi sai da gabana ya faɗi don daɗi. An kewaye shi da igiya, amma a wani wuri igiyar ta saki ta kwanta a ƙasa, ga allo a gefe.

"Baba, an rubuta kada mota ta shiga," in ji Salma. "Sabka ce."

Sabka ita ce ƙasar gishiri ta bakin teku. Na san kalmar, irin sanin da mutum ke yi wa sunan garin da bai taɓa zuwa ba.

Matata ta ce, "Baban Salma, mu bi inda mutane ke bi mana. Ni zan tura keken."

Na ce, "Ku mata ba ku san mota ba. Har bakin ruwa zan kai Inna, ta buɗe ƙofa ta sa ƙafa. Me za a ɗauka?"

Inna dai ruwan take kallo. Na ɗauki shirunta a matsayin izini, na taka igiyar na shiga.

Da farko kamar a kan kwalta. Har na fara jin kaina, na sauke hannu ɗaya daga sitiyari. Da muka doshi tsuntsayen, hannun nan ya yi abin da ya saba yi in ya ga taro a gaba, ya danna hon. Ni ban umarce shi ba, sabo ne ya danna. Gaba ɗaya tsuntsayen suka tashi, sama ta rufe, suka nufi tsibiri. A kan gadar kuwa akwai mutane, baƙi da 'yan ƙasa, da kyamarori masu dogon baki, waɗanda (daga baya na ji) tun duku-duku suke tsaye, ko tari ba sa yi don kada tsuntsayen su firgita. Duk suka waigo. Da yake babu sauran tsuntsun ɗauka, sai dogayen bakunan nan suka juyo kaina.

A daidai nan na ji sitiyari ya yi laushi, gaban motar ya ɗan durƙusa. Duk direban da ya san rairayi zai ce maka a nan ake tsayawa cak. Ni direban dutse ne, a dutse kuwa in mota ta yi nauyi wuta ake ƙara mata. Na taka totur. Ɓawon gishirin ya fashe, baƙar laka ta yi tsalle har kan gilashi, wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika motar. Na sa ribas, na sake takawa. Da na gama nuna gwanintata, motar ta zauna daram a kan cikinta, ƙofofi sun kusa taɓa ƙasa. Ruwan da nake cewa ga shi nan kuwa yana can gaba, ko da jifa ba zan same shi ba.

Matata da Salma suka zuba mini ido. Na fi son a zage ni da irin wannan kallon.

Na fita. Ƙafar farko ta nutse har idon sawu, ta biyu har ƙwauri. Na ciro shimfiɗun ƙasan mota na cusa ƙarƙashin tayoyi, laka ta haɗiye su. Na cusa dardumar matata, wadda ƙanwarta ta kawo mata tsaraba daga Madina (wannan magana har yau ba ta mutu ba), ita ma ta tafi. Sai na tuna da alkama. Na ce ai tsaba za ta ba taya abin kamawa. Na farke buhun na zazzage shi gaba da baya, na koma na ba ta wuta. Tayoyin suka watsa alkamar nan ko'ina a filin, motar ko gezau. Amma sadakata ta karɓu, don ba a jima ba hankaki suka sauko. Daga ina suka fito, oho. Na yi wa Inna alkawarin tsuntsaye masu ruwan hoda, ga ta zaune a tsakiyar hankaki suna ta ƙaraji, ɗaya har a kan madubi.

Salma ta ja mayafi ta rufe fuska. "Baba, ana ɗaukarmu fa."

"Na gani."

"Wallahi fadiha, abin kunya. Ina zan sa kaina?"

Wani ma'aikacin gandun, cikin kakin aiki, ya tako zuwa inda gadar ta fi kusa da mu, ya sa hannu a baki ya kira ni da Larabci. Bai zage ni ba, da ladabi ya yi magana, abin da ya ƙara mini zafi ke nan. Ya ce, "Ya ammi (wato baffana), kashe motar. Janwe ba zai iya shigowa nan ba, shi ma nutsewa zai yi. Fito da iyalinka yanzu, ruwa na dawowa."

Na ce, "Wane ruwa?"

Ya nuna gaban motar.

Ni na ɗauka in teku zai zo, da ruri yake zuwa, irin na talabijin. Ashe wannan sulalowa yake yi. Ba ya tashi da yawa, amma a fili shimfiɗaɗɗe irin wannan, ɗan tashi kaɗan tafiya ce mai nisa. Wani siririn ruwa ne mai sheƙi ke rarrafowa a kan gishirin, yana cike tsagogin ƙasa, ba ƙara ba gaggawa.

Matata da Salma suka cire takalma suka riƙe a hannu, suka kwashi abin da za su iya, suka nufi gada suna tangaɗi. Keken Inna kuwa ko sauke shi ban yi ba, na san ba zai mirgina ba. Na zagayo ƙofarta, gumi na zuba, jallabiyata ta zama kala biyu. A lokacin ba kunyar mutane ce ta fi damuna ba. Tsoro ne ya kama ni, da baƙin ciki. Tafiya ɗaya aka ba ta, ni kuma na ƙarar da ita a cikin taɓo, a rana, tare da hankaki. Da gadar muka bi, da tuni tana can ƙarshe, inda aka yi matakala zuwa ruwa.

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Zo in ɗauke ki mu fita."

Ta ce, "Buɗe ƙofar sosai. Cire mini safa."

"Inna, ruwa ne ke zuwa."

"Na gan shi. Ai shi na zo gani. Cire mini safa, yaron nan."

Na tsuguna a laka na cire mata. Ta juyo da ƙyar ta zuro ƙafafunta waje, duk sun kumbura. Da yake motar ta nutse, ƙasa ba ta yi mata nisa ba. Muka jira. Ma'aikacin na kira, matata na kira, ni ina tsugune riƙe da safa. Ruwan ya zo ya zagaye taya, ya taɓa yatsunta, ya hau kan ƙafar. Ta lumshe ido. Leɓenta na motsi, ban ji abin da take faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Can ta ce, "Da ɗumi. Wancan karon ma da ɗumi."

Sai da ruwan ya fara leƙa cikin motar sannan ta ce to, mu tafi.

Yanzu ga inda abin kunyar yake, duk na baya sharar fage ne. Na tattare jallabiya na cusa ta a ƙugun wando, irin farin wandon nan mai roba da muke sawa a ciki. Na juya baya Inna ta hau, na ɗauko zanen da aka lulluɓa mata a ƙafa na ɗaure ta da shi, yadda ake goyon jariri. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma sai da ya sosa mini rai. Na tallabe ta da hannu biyu ta baya, na fara takawa.

Lakar da ruwa ya jiƙa ba irin ta ɗazu ba ce. Takalmin dama ya tafi tun ban yi nisa ba, na hagu ya bi shi. Kowane taku sai in nutse har gwiwa, in zaro ƙafa da ƙyar. Wandon ya sha ruwa, ya sha laka, ya yi nauyi, robarsa kuma ta tsufa (matata ta sha ce mini in jefar da shi, ina cewa da sauran ransa). Ina daidai gaban gada, inda kowa ke tsaye, sai na ji yana sauka, a hankali, yadda ruwan ya zo. In na saki hannu na kama shi, Inna ta faɗi. In ban kama ba, ya tafi. Na ware ƙafafu na tsaya kamar ɗan dambe, na ce ko zai tsaya a gwiwa. Ina!

Jallabiyar kuwa ta tattaru a sama, ta maƙale a ƙarƙashin ɗaurin goyo, ta ƙi saukowa. Wato ni ne, mai furfura, mai gyara wa direbobin Kudai zance, tsaye a gaban baƙi da kyamarori da matata da 'yata, a halin da ba zan siffanta muku ba. Na ji wani a kan gada ya yi salati. Na ce a raina, ya Rabbi, lakar nan ta haɗiye darduma, me ya hana ta haɗiye ni?

Sai na ji hannun Inna ya sauko ta gefena. Ta lalubo bakin jallabiyar ta fizgo ta daga ƙarƙashin zanen, wannan gefe sannan wancan, ta sake ta ta sauka har ruwa. Ta gyara mini ita ta baya, ta ɗan bubbuga kafaɗata.

"Taka ka fita daga cikinsa," ta ce a kunnena. "Ba yau na fara rufa maka asiri ba."

Na taka na fita daga cikinsa. Na bar shi nan yana lilo a kan ruwa, wani hankaka ya sauka kusa yana dubawa ko abin ci ne.

Jikin Inna ya fara rawa a bayana. Na tsorata, na ce zuciyar ce. Ashe dariya take yi. Tun da muka bar Nakkasa ban ji wannan dariyar ba, irin wadda ke sa ta tari. Da ta lafa, sai ta kwantar da kanta a kafaɗata ta ce:

"Ka san haka aka shigo da ni ƙasar nan? Masu jirgin ba su kai mu gaɓa ba, tsoron askar suke ji, sojojin da ke gadin gaɓa. Can cikin ruwa suka ce kowa ya sauka. Innata ta goya ni, ta ratso irin wannan taɓon, yana kama ta tana zarewa. Takalmanta ma nan ta baro su. Na daɗe ina so in tuna yadda abin yake, na kasa. Da a kan katakon can ka bi da ni, da ban tuna ba."

Ina haki, idona na yaji, na ce wa kaina gishiri ne.

Hannaye suka miƙo daga gada suka karɓe ta. Wani dattijo ya ba da kujerarsa, wata mata ta riƙe mata lema, Salma ta duba bugun zuciyarta ta ce lafiya lau. Ni kuwa babu wanda ya dube ni, kowa ya samu abin kallo a sama. Ma'aikacin ya yanka mini tara cikin ladabi, ya kuma roƙe ni, in Allah ya sake kawo ni, in bar alkama a gida. Matata ba ta ce uffan ba sai da muka zauna a ƙauyen masunta, ina ɗaure da zanen maza da na saya a wani shago, muna cin soyayyen kifi muna jiran ƙanena ya zo daga Makka ya kwashe mu. Ta tsiyaya mini shayi, ta miƙo, sannan ta ce, "Mu dai mata ba mu san mota ba."

Motar a teku ta kwana. Washegari aka jawo ta da igiyar ƙarfe daga nesa, amma gishiri ya riga ya shiga inda ba ya fita. Na yi ta kai ta gareji har na haƙura. Labari kuma ya riga ni isa Kudai. Ranar da na koma aiki, tun daga bakin tasha ake sara mini ana cewa "Kyaftin", wai ni matuƙin jirgin ruwa. Na zargi Salma, na zargi ƙanena. Ashe Inna ce. Duk matar da ta zo gaishe ta, sai ta zaunar da ita ta ba ta labarin tun daga hon har wando, tana yi tana share hawayen dariya, matan kuma su kai wa mazajensu. Wadda ta ji ta turo wata. Benen nan da ba a cika hawa ba, sai ga shi ana sallama safe da yamma, tsofaffin maƙwabtanmu na Nakkasa da suka warwatsu duk sun nemo gidan.

Likita ya yi gaskiya, ba a sake tafiyar ba. Inna ta rasu kafin Hajji ya zagayo. Matan da suka zo gaisuwa sun ce mini, duk yadda ta yi mini tsiya a labarin, da magana ɗaya take rufewa: "Amma dai yaron nan ya kai ni." Tun daga nan na daina fushi da Kyaftin ɗin. In an kira, amsawa nake yi.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, na direba ne. In matarka ta ce robar wando ta mutu, ta mutu. Sannan in ka ga fili fari fat kusa da inda za ka, babu mota ko ɗaya a kai, kada ka ɗauka ka fi kowa ido. Wurin yana da mai shi. Ya ɗan fita ne, kuma in zai dawo ba ya danna hon.